A Takardarsu, Yaya Isiyaku Bai Mutu Ba

Da saran raken bana yayana Isiyaku ya cika shekara tara a ƙasa. Da hannuwanmu muka sa shi, a maƙabartar garinmu Nasarawan Doya, jama'a sahu-sahu har bakin hanya. Amma in ka sami wani kamfanin haɗa magunguna da ke can ƙetaren teku, ka roƙe shi ya buɗe kwamfutarsa ya duba maka lambar da suka ba shi, zai gaya maka cewa mutumin nan bai mutu ba. Ya dai daina zuwa asibiti ne, ba a kuma san inda ya nufa ba. Shekara tara ke nan ina bin a gyara wannan layi guda ɗaya ban samu ba, shi ya sa na ari filin nan yau.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya manomin rake ne, kuma mai dafa mazarƙwaila. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya tura ni boko da gumin rakensa har na zama malamin makaranta, aikin da na yi har na ajiye. Shi kansa bai taɓa zama a aji ba, allo ya yi. Ba waliyyi ba ne, kada mai karatu ya ɗauka yabon gawa na zo yi. Yana da zafin rai, yana da taurin kai, kuma in ya ƙi mutum to ya ƙi shi ke nan. Abu ɗaya ne ba wanda ya taɓa kama shi da shi tun daga Makarfi har Ikara, wato ya ce zai zo bai zo ba. Matarsa, Yaya Asabe, takan ce mijinta ya fi tsoron saɓa alkawari a kan ya taka kububuwa a cikin rake.

Hawan jini ya daɗe yana damunsa lokacin da wasu likitoci suka zo Makarfi da aikin gwada wani sabon maganin ciwon, na kamfanin da na ambata. Yadda abin yake, kafin a saki magani a kasuwa sai an nemi masu ciwon da suka yarda, a riƙa ba su, ana auna su lokaci-lokaci, ana rubuta duk abin da ya same su: wanda jininsa ya sauka, wanda ya ji jiri, wanda aka kwantar, wanda ya mutu. Da wannan rubutun ne manya ke yanke hukunci ko maganin ya dace a ba jama'a ko bai dace ba. In rubutun ya karkace, hukuncin ma karkacewa zai yi.

Ni na raka shi ranar farko, ni na karanta masa doguwar takardar yarda, ina fassarawa yana gyangyaɗa kai. Mai kula da su wata nas ce, Sista Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna da ta daɗe a Makarfi har Hausarta ta fi ta wasunmu daɗi. Da na gama, Yaya bai tambayi haɗari ba, bai tambayi abin da za a ba shi ba. Duban Sista ya yi ya ce, "'Yata, wannan abin zai amfani waɗanda ke bayanmu?" Ta ce, "Zai amfane su, Baba, in kowa ya tsaya har ƙarshe." Ya ce, "To sadaka ce. Kawo in dangwala."

Daga ranar ya ɗauki abin kamar an ba shi limanci. An ce kada ya haɗa da wani magani, sai ya watsar da jiƙon tafarnuwa da sassaƙen da ya daɗe yana sha. An ce ya rage gishiri, sai ya kafa wa Yaya Asabe doka a kan tukunyarta, har ta ce masa in lami yake so ya je ya sha ruwan randa. Wani maƙwabcinsa, abokinsa tun na yarinta, mai irin ciwon, ya zo ya roƙi ƙwaya biyu. Duk wanda ya san ƙauye ya san magani ba abin da ake hana maƙwabci ba ne. Yaya ya hana shi, ya ce amana ce aka ba shi, ba nasa ba ne. Mutumin ya yi damina guda ba ya amsa masa gaisuwa.

Wani lokaci ranar awo takan faɗo a ranar kasuwa, ranar da mazarƙwaila ke yin daraja. Sai ya bar kayan a hannun wani ya hau mashin ya tafi. Da damina kuwa, in hanya ta jiƙe mashin ya kafe, turawa yake yi, ya isa asibiti da taɓo har gwiwa, da ƙullin mazarƙwaila a aljihu don Sista. Ita kuma kullum sai ta ce, "Baba, ka zo a yi maka maganin hawan jini, ni kana nema ka sa mini ciwon suga." Sai ya yi dariya ya miƙa hannu a ɗaura masa abin awo.

Ranar da ta Allah ta kasance, da hantsi ne, yana wurin matsa. Ana ta tura rake cikin inji, ruwan na tafasa a kasko, sai ya ce wa masu aiki kansa na sara masa, ya koma gindin mangwaro ya zauna. Da suka waiwaya ya kife. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Ni ina Zariya aka buga mini waya, da ƙyar na tarar da salla, don ana idar da azahar aka ɗauke shi.

Haka muke yi, haka muka tarar, kuma ban ga abin ba da haƙuri a ciki ba. Gawa ba ta kwana a gidajenmu. Darajar mamaci a wurinmu ita ce a gaggauta suturta shi a kai shi makwancinsa. Ba wanda ya yi tunanin likita balle takarda, domin ba a taɓa neman takarda a garinmu kafin a yarda mutum ya mutu ba. Liman ya gani, mai unguwa ya gani, masu wanka da masu haƙa sun gani, kuma a wurinmu wannan ya wadatar.

Da ranar awonsa ta zagayo, Sista Rifkatu ba ta jira an aike ta ba. Ta ce tun da ta ga layi ya ƙare babu Baba Isiyaku ta san ba lafiya ba. Ta hau acaɓa ta zo, ta tarar da tabarmi a ƙofar gida, ta shiga wurin mata ta yi kukanta kamar uba ta rasa. Da ta koma ta rubuta wa kamfanin gaskiya, cewa ya rasu. Daga baya ne ta ba ni labarin abin da ya biyo. Sai tambayoyi suka dawo mata daga sama: wane likita ya duba gawar, me ya ce ya kashe shi, ina takardar shaidar mutuwa? Ta amsa cewa babu likita a garin, kuma an binne shi a ranar. Suka ce ƙa'ida ƙa'ida ce, kwamfutarsu ba ta karɓar mutuwa sai da takarda. Aka yi ta kai da kawo har lokacin rufe aikin ya matso. Sai wani da bai taɓa ganin gonar rake ba, yana zaune a ofis a wata ƙasa, ya ɗauke yayana ya jefa shi cikin jerin waɗanda suka daina zuwa, don aikinsa ya fita fes.

Mu ba mu san an yi haka ba sai da suka aiko a neme shi. Yaya Asabe ba ta daɗe da fita takaba ba wani saurayi ya yi sallama a kan mashin, riƙe da waya mai faɗi. Ba ma'aikacin asibitin ba ne, haya aka ɗauke shi. Ta tsaya daga bayan ƙofar zaure suka gaisa, sai ya ce, "Mama, an turo ni ne in nemo waɗanda suka gudu daga gwajin magani. Ina Malam Isiyaku ya koma, kuma me ya sa ya daina zuwa?"

Ta ce, "Ɗana, bi hanyar nan ka miƙe, in ka wuce rijiya za ka ga inda aka kewaye da ƙaya. Yana nan, bai je ko'ina ba. In ka same shi ka tambaye shi da kanka."

Ni ƙanin miji ne, tsakanina da ita wasa ne tun ranar da aka kawo ta gidanmu. Amma ranar da ta aika aka kira ni babu wasa a fuskarta. Ta ce, "Malam, ku 'yan boko ku kuka san harshensu. Mutumin da ya hana ni zuba gishiri a miya saboda su, ya ɓata da amininsa saboda su, shi za a ce ya gudu? Ka je ka sa a goge." Na ce mata kada ta damu, kuskure ne, kafin sabon wata an gyara. Na yi zaton abin da ya fito fili kamar mutuwa ba zai yi wuyar rubutawa ba.

Na sa liman ya rubuta shaida, mai unguwa ya buga hatimi, na kai asibiti. Babban likitan ya karɓe ni da mutunci, ya ce abin ya fi ƙarfinsa, sai kamfani. Na rubuta wa kamfani, ko a jikinsu, an tsikari kakkausa. Na sake rubutawa. Can da daɗewa aka aiko mini ta bakin wani cewa an kammala binciken, an gode da sha'awar da na nuna. Maganin kuwa ya fita kasuwa, yanzu haka yana nan a kantunan sayar da magani, cikin kwali mai kyau.

Bari in faɗi wani abu a fili, don na san akwai masu jiran in faɗi kishiyarsa. Ban ce maganin ne ya kashe yayana ba. Ban sani ba, kuma ajali in ya zo ba ya neman dalili. Watakila ma maganin ya ƙara masa kwanaki. Abin da na ce shi ne, su ma ba su sani ba, kuma ba za su taɓa sani ba, domin sun zaɓi kada su ƙirga shi. Mutum ya mutu yana shan ƙwayarku, aikin da kuka ce kun zo yi shi ne ku rubuta hakan, ku haɗa da na sauran, ku ga ko akwai abin dubawa. Ku kuwa kuka share shi, kuka bar masa sunan wanda ya tsere. Kun cuci mamaci a mutuncinsa, kun kuma cuci masu rai da za su sha maganin bisa lissafin da bai cika ba.

Sai ga shi a 'yan shekarun nan mun ji sabon salo. Wai kamfanonin magunguna, waɗanda a da kowa ke ɓoye wa ɗan'uwansa abin da yake yi, sun haɗa kai domin inganta bayanan gwajin magani. Yanzu tambaya iri ɗaya za a riƙa yi wa mara lafiya ko'ina, suna ɗaya za a ba kowane ciwo, tsari ɗaya za a bi wajen rubutawa, ta yadda abin da aka rubuta a Makarfi za a iya ajiye shi kusa da na kowace ƙasa a gwada. Ba zan yi ƙarya in ce babu hankali a ciki ba. Duk wanda ya taɓa sayen masara da mudun Hunkuyi ya je ya sayar da na wata kasuwa ya san amfanin a ce mudu ɗaya ne. Har na ji wani ɗan sanyi a raina, na ce wa Yaya Asabe watakila lokacinmu ya zo.

Bara aka gayyace ni taronsu, a matsayina na ɗan kwamitin lafiya na mazaɓarmu. Mu ne "al'umma". An kwaso mu daga Makarfi da Kudan da Ikara aka kai mu wani otal a Kaduna, aka rataya wa kowa kati a wuya kamar ragon layya, aka ba mu jaka da biro. A bango sun kafa ƙaton ƙyalle, sun ari karin maganarmu sun rubuta cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Teburanmu na can baya kusa da ƙofa, inda mai ɗaukar hoto zai same mu da sauƙi in ana son a nuna an tuntuɓi talakawa. Sanyin na'ura ya yi yawa har wani dattijo daga Furana ya naɗe cikin babbar rigarsa ya yi barcinsa, kuma a ganina bai yi asarar kome ba.

Tun safe ake hawa ana sauka. Kowa ya zo da hotunan akwatuna da kibiyoyi yana haskawa a bango, kowa yana yabon na gabansa, ana tafi. Turanci ake zubawa kamar ruwan sama, can sai a tuna da mu a ce wani ya taƙaita da Hausa, shi kuma ya taƙaita jawabin da aka daɗe ana yi da cewa, "Wai dai za a gyara." Wani matashin likita, mai ladabi ba laifi, ya yi dogon bayani a kan abin da ya kira bayanai masu tsabta, waɗanda babu gurbin da aka bari fanko, babu layin da ya saɓa wa wani. Yana magana yana murmushi kamar mai nuna ɗakin amarya.

Da aka ba da damar tambaya na ɗaga hannu, na ba da labarin Yaya a taƙaice, na ce tunda yanzu an haɗa kai don gyara, ina roƙon a fara da wannan. Likitan ya ce, "Allah Ya jiƙansa, Baba. Sai dai wancan binciken an riga an kulle bayanansa, kuma abin da aka kulle ba a taɓa shi. Wannan ma yana cikin ƙa'idojin da ke kare ingancin aiki."

Na ce, "To na gaba fa? In wani ya faɗi a gona gobe aka binne shi da azahar?"

Ya ce, "Mun yi tanadi. Yanzu akwai gurbi na musamman, na mutuwar da ba a tabbatar ba. Kafin ta shiga lissafi dai sai an sami takarda, ko ma'aikacinmu ya ga gawar da idonsa. Shi ya sa muke son ku shugabanni ku taya mu wayar da kan jama'a, su daina saurin binnewa."

Aka yi masa tafi. Ni kuwa na zauna ina kallon ikon Allah. Kamfanoni manya-manya, da likitocinsu da lauyoyinsu da kwamfutocinsu, sun yi shekaru suna taro daga wannan ƙasa zuwa waccan, kuma abin da hikimarsu ta haifa shi ne ya fi sauƙi a canza yadda al'umma guda ke binne matattunta da a ƙara layi ɗaya da zai karɓi shaidar liman da mai unguwa. Shaidar da alƙali ke karɓa ya raba gado a kanta, shaidar da ke sa mace ta shiga takaba ta fita, ita ce ba ta kai ta shiga kwamfutarsu ba. Kuma kanmu ne ke bukatar wayarwa. In wannan ba taron tsintsiya ba shara ba ne, to ban san abin da ake kira haka ba.

A wurin cin abinci na ji an ce, "Malam, ashe kana nan." Sista Rifkatu ce, furfura ta fito mata. Muka gaisa, ta tambayi Yaya Asabe da yara. Sai ta rage murya ta ce, "Ka san abin da ke damuna? Mu namu in sun rasu a mutuware, ɗakin gawa na asibiti, ake ajiye su har dangi su taru, likita na gani, takarda na fita. Ku naku kafin labari ya iso mu an dawo daga maƙabarta. To in ka duba abin da ake turawa sama, sai ka ga mutanenmu na cikin gari suna mutuwa, mutanen ƙauyukanku kuwa ba sa mutuwa, guduwa suke yi." Na tambaye ta ko ta gaya musu. Ta ce ta gaya musu har bakinta ya gaji, kullum cewa suke an lura, za a kai gaban kwamiti.

Tun daga ranar nake tambayar kaina, da Yaya zai ɗago kai ya ga wannan zamani, me zai ce? Na so in sa masa zagi a baki, don ya iya shi in an taɓa shi. Amma na san shi. Da zai tashi yau a gaya masa an rubuta ya daina zuwa, ba zai tsaya jayayya da kowa ba. Katinsa na asibiti zai nema, ya karkaɗe mashin, ya tafi asibiti ya ba Sista haƙurin makara. Wannan ne ya fi ƙona mini rai. Irin mutanen da suka samu ke nan a ƙauyukanmu, masu ɗaukar alkawari kaya, kuma ba su cancanci ko ɗaya daga cikinsu ba.

Da a nan maganar ta tsaya da na haɗiye ta, kamar yadda na haɗiye ta shekara da shekaru. Sai dai abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Yaya ya bar 'ya, Hindatu, tana aure a Hunkuyi, kuma tun haihuwarta ta ƙarshe hawan jinin ubanta ya kama ta. Kwanan baya aka zo yankinsu na Kudan da wani sabon gwaji, a ƙarƙashin sababbin ƙa'idojin nan da aka tafa wa. Magani kyauta, awo kyauta, ga shi kuwa kowa ya san yadda magani ya zama a kanti yanzu. Ta zo har gida ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce shawara ta kawo ta.

Na ce mata kada ta shiga. Na ce in maganin ne, mu danginta ba mu mutu ba, za mu yi karo-karo. Ta bari na gama tsaf, kanta a ƙasa, sannan ta ce, "Baffa, na ji. Amma ba don kyautar ba ne kaɗai. Baba ya ce sadaka ce, kuma bai ƙarasa ba. Ni zan shiga." Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, na ga taurin kan nan na gidanmu a goshinta, na san ba shawara ta zo nema ba.

Sai ta gyara zama ta ce, "Abin da ya kawo ni daban ne. Na tambaye su, sun ce in mutum ya mutu sai ma'aikaciyarsu ta ga gawar da idonta. To ina so ka yi mini alkawari. In ta Allah ta kasance ina cikin abin nan, kada a sa ni a rami sai ta zo ta gan ni. Ko za a wuce la'asar, ko za a kwana. Mijina ba zai iya tsayawa gaban iyayensa ya faɗa ba, kai za ka iya. Ba na son a zo a tambayi 'ya'yana inda na gudu."

Yarinyar da aka haifa a hannunmu tana roƙon a bar gawarta a shimfiɗe cikin zafin Hunkuyi, mata na kuka, maza na tsaye a waje da makara, liman na duban rana, ana jiran wata ta samu acaɓa ta zo ta cika gurbi a waya. Na san abin da surukanta za su ce, na san abin da gari zai ce, na san ni za a nuna da yatsa a ce ɗan boko ya hana a suturta 'yar yayansa. Na kuma san abin da ta gani a fuskar uwarta ranar da saurayin nan ya yi sallama. Na ce mata to.

Wannan shi ne ci gaban da haɗin kan nasu ya kawo gidanmu. A da sukan share mamacinmu ba tare da saninmu ba, yanzu sun gaya mana sharaɗin da za mu cika kafin su yarda ya mutu, kuma mun fara cikawa. Ina fatan wani daga cikin masu tafin nan zai karanta wannan, ya kai gaban kwamitin da ake ta kai abubuwa, ya gaya musu abin da wata mata a Hunkuyi ta roƙi baffanta saboda layin da suka ƙi ƙarawa. Ba na sa ran amsa, na saba.

Gonar raken Yaya an raba ta, injin matsar ya yi tsatsa an sayar wa 'yan gwangwan, abokin da ya hana wa ƙwaya shi ma ya bi shi. Yaya Asabe ta tsufa, ta daina tambayata ko an goge, kuma shirun nata ya fi tambayar yi mini ciwo. Abin da ya saura na yayana shi ne halin nan nasa na tsayawa kan magana, yana nan da rai a jikin 'yarsa, ya kuma ɗaure ni da alkawarin da nake roƙon Allah Ya ɗauki raina kafin ranar cika shi.

Tunda kwamfutarsu a kulle take, bari in rubuta a inda hannuna ya kai. Isiyaku, manomin rake na Nasarawan Doya, bai daina zuwa ba, bai ƙaura ba, bai gudu ba. Ya sha ƙwayarsa da safe, ya mutu da hantsi, muka yi masa salla da azahar. Ni ƙaninsa na gani, gari guda ya gani. Allah Ya yi masa rahama, Ya karɓi shaidarmu a kansa.